Na Ara Mata Muryata

Ranar da na fara ganinta ina gugar rigunan maigidana ne, a ɗan falonmu na Lewisham da ke saman wani shagon kafet. Wata uku ke nan da zuwana London, a tsakiyar shekarun tamanin. Shi yana makaranta tun safe, ni kuwa ba ni da aiki sai guga da girki da leƙen motocin bas ta taga. Talabijin ɗinmu na haya ne, shi da na'urar bidiyon, don a lokacin haka ake yi a garin, har su Turawan. Na ɗaga kai zan juya hannun riga, sai ga wata mata ta cika gilashin tana dariya. Na ajiye dutsen guga a kan rigar na manta da shi, har sai da ƙauri ya tuna mini.

Kamanninta sak na Yayata. Ga wushiryar, ga yadda take karkata kai ta riƙe ƙugu kafin ta yi wa mutum faɗa. Baƙar fata ce 'yar Amurka, tana fitowa a wani shiri na mako-mako a matsayin mai wani ɗan masauki a bakin hanya. Mijinta ya fita bai dawo ba, kowane mako matafiya suna sauka da damuwarsu, ita kuma tana ba su abinci tana gyara musu zama. Ranar ban fahimci rabin abin da take faɗa ba. Na dai tsaya a tsakiyar ɗaki ina kallonta, kewar gida ta taso mini.

Yaya ce ta raine ni a Kaduna tun ina shekara bakwai, bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tela ce, kekenta ba ya hutawa. Ban taɓa kiran sunanta ba, ita ma ba ta taɓa yabona a gabana ba, kuma ba a yin hirar zuciya tsakaninmu. Da na kawo mata zancen wanda nake so in aura, ɗalibin da zai tafi karatu Ingila, tambaya ɗaya ta yi mini ba tare da ta ɗaga ƙafa daga keken ba: "Kin tabbata?" Na ce na tabbata, har da ɗan murguɗa baki. Sai ta yi mini duk abin da uwa take yi wa 'yarta.

Da Sallah ta ƙarato muka aika mata da na'urar bidiyo, na haɗa da kaset ɗin da na naɗi shirin na mako huɗu. Wata abokiyar zumunci ce ta samo mana mai kaiwa, 'yar Jos, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Woolwich. Duk wanda zai hau jirgin Kano ta san da shi kafin danginsa su sani. Yaya ba ta son rubuta wasiƙa, don haka amsarta a kaset ɗin rediyo ta zo, kamar yadda muka saba. Bayan gaisuwar da ta ci kusan minti goma sha biyar, ta bi kowa na unguwa ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce:

"Kayanku sun iso, Allah ya yi albarka. Hoto tangaran, amma ba magana, sai shuuu kamar ana zuba ƙosai a mai. Mai gyara ya ce wai sautin na'urar Ingila ba ya shiga talabijin ɗinmu. Matar da kika ce ta yi kama da ni kuwa, ni ban ga kama ba, na fi ta hanci nesa. To amma me take ta faɗa haka? Mun zuba mata ido kamar kurame."

Daga nan aikin ya samo asali. Duk mako zan naɗi shirin, ina tsayar da na'ura idan an zo talla. Washegari da hantsi, bayan maigidan ya fita, sai in mayar da shi farko, in rage sauti, in ajiye rikoda a kan cinyata ina faɗin abin da kowa ya ce da Hausa. Gefe ɗaya na kaset yana ɗaukar shiri ɗaya cif. A farkon kowanne nakan ce, "Idan kun ga allon masaukin ya fito, ku danna." A can Kaduna sai su kunna biyun tare. Idan maganata ta riga hoton, 'yar Yaya ta tsayar da rikoda su jira matar ta cim mini.

Da farko da gaskiya nake aikina. Sai dai Turancin Amurkawa da gudu yake fita, ta hanci kuma, ni kuwa nawa na makarantar 'yan mata ne. Inda ya kuɓuce mini sai in duba fuska in cike gurbin da abin da ya dace. Na sa wani direban babbar mota ya rantse da kabarin kakansa, na sa wata tsohuwa ta yi Allah ya isa. Babu wanda ya kama ni, har Yaya ta ce ashe Amurkawa ma sun san magana.

A shekarata ta biyu na yi ɓari. Wata huɗu ne. Maigidan yana tsakiyar jarrabawa, ya kai ni asibiti ya ɗauko ni, ya ce Allah ya kawo mai amfani, ya koma kan littattafansa. Ba mugunta ba ce, iyakar abin da ya iya ke nan. A kaset ɗin gaisuwa na ce wa Yaya lafiya lau muke, sai godiya. Ban iya faɗin wani abu ba, don ko cikin ma ban taɓa buɗe baki na sanar da ita ba, ai da kunya.

Shirin makon ya zo da wani wuri inda matar take tsaye ita kaɗai a bakin taga tana waya. Da wani kafinta take magana, a kan rufin da ke yoyo, wannan kam na ji shi sarai. Amma kyamara ta daɗe a kan fuskarta, idanunta sun yi nauyi. Sai na ji bakina yana cewa, "Ta ce ta yi ɓari ranar Talata. Ta ce wata huɗu ne. Ta ce tun da ta dawo daga asibiti babu wanda ya dama mata ko kunu, kuma garin da sanyi." Ta ajiye wayar. Da kafintan ya iso da tsaninsa na ci gaba da zancen rufi. Na so in goge, na kai yatsa kan maɓallin sau biyu, daga baya na naɗe kaset ɗin a leda na kai Woolwich.

Sai da aka yi mako shida amsa ta zo, tare da ƙulli mai nauyi. Yaya ta gama gaisuwarta yadda ta saba, ta ba ni labarin bikin wata, sannan ta gyara murya.

"Matar nan ta masauki ta ba ni tausayi. Ki gaya mata ta riƙa gasa jikinta da ruwan zafi safe da yamma, ko da ba haihuwa ba ce. Ga gero nan da kanwa da yaji. Idan ba ta san yadda ake damawa ba, ke ki dama mata. Ki ce mata ni ma na taɓa yi, sau biyu, kuma ga ni."

Bayan wannan kaset ɗin ya ci gaba da juyawa, ba abin da ake ji sai kukan akuya daga nesa da ƙarar wani babur. Ban taɓa sanin ta yi ɓari ba. Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi a asibiti ba, na tashi na dama kunun.

Haka muka sami hanya, kuma babu wadda ta taɓa nuna wa 'yar'uwarta ta gane. Duk abin da ya fi ƙarfin bakina sai in ba matar ta faɗa. Ta faɗi cewa tana kwana uku ba ta yi magana da babban mutum ba. Ta faɗi cewa azumin bazara a garin nan yana neman kashe ta, rana ta ƙi faɗuwa. Da na haifi 'yata, ita ce ta ce tana tsoron wankan jaririya ita kaɗai. Yaya kuma tana aiko mata da amsa, wani lokaci lallashi, sau da yawa faɗa. Akwai lokacin da ta ce, "Ki ce mata ta rage yawan ƙorafi, ba ita aka fara kaiwa nesa ba." Na yi fushi na mako biyu, na bar matar ta yi ta zancen masaukinta kawai.

Labarin ita 'yar wasan kanta kuwa da bakina nake ba Yaya. A shagon jaridu na kan babban titi nake karanta shi a tsaye, har mai shagon ya fara tarin ƙarya. A nan na ji cewa 'yar wani ƙaramin gari ce a kudancin ƙasarsu, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa, kuma a coci ta fara tsayawa gaban mutane. Ta yi shekaru tana raba abinci a gidajen cin abinci tana zuwa gwaji ana cewa ta dawo gobe. Tallan sabulun wanki ne ya fara fito da fuskarta, daga nan aka ba ta masaukin. Ta auri wani mai shirya finafinai, aka buga hotonsu tana sanye da farar riga mai dogon wutsiya. Na yanke hoton na aika. Yaya ta ce ɗinkin kafaɗar bai zauna ba, kuma mijin idonsa a tsaitsaye yake, Allah dai ya sa a gama lafiya.

Ba a gama lafiya ba. Shirin yana tsakiyar tashe ta bar shi, wai za ta koma manyan finafinai. Yaya ta ce wannan shi ne mutum ya rufe shagonsa mai ciniki ya tafi yawo. Saboda fim ɗinta na farko na taka sinima karo na farko a rayuwata, da rana tsaka, bayan na kai 'yata makarantar yara. Mu shida ne a zauren. An sa mata gashin da ba nata ba, an rufe wushiryar, ta fito sau uku aka harbe ta. Shekara ba ta zagayo ba auren ya mutu. Masaukin ma da aka damƙa wa wata bai yi ƙarko ba. 'Yar Jos ce ta fara gaya mini a kasuwar Lewisham, muna zaɓen doya.

"Ke, shirin masaukin ƙawarki fa an yi cancel, an tsayar da shi. Yanzu sai ki huta da ɗaukar mini kaya. Kullum kaset, kullum kaset, customs sun ɗauka business nake yi."

Na yi dariya don ta yi, amma na dawo gida jikina a sanyaye.

A daidai wannan lokaci nawa auren yake tsinkewa. Maigidan ya gama karatu ya sami aiki a wani gari can arewacin Ingila. Yana zuwa duk ƙarshen mako, ya koma duk wata, ya koma sai da dalili. Babu faɗa, babu zagi, shi ya sa ma ban san ranar da zan ce abin ya lalace ba. Wata safiya takarda ta zo ta gidan waya, layi uku da sa hannu. Na yi iddata a ɗakin da hukumar unguwa ta ba mu ni da 'yata, na sami aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare. Ban gaya wa kowa a gida ba. Na san idan Yaya ta ji za ta ce in tattaro in dawo, ni kuma ban shirya shiga gidanta da akwati da yarinya ba, bayan ni na ce mata na tabbata.

Matar da za ta faɗa mini kuwa ta yi wuyar gani. An sake ba ta wani shiri, aka tsayar bayan 'yan makonni. Daga nan sai ƙananan fitowa: yau alƙaliya, gobe uwar wanda ake tuhuma, jibi ma'aikaciyar asibiti mai riƙe da fayil. Ta yi ƙiba, furfura ta fara leƙowa, wushiryar ta dawo. Duk mako ina bin jadawalin talabijin da biro ina neman sunanta a ƙasan jerin. Idan na dace, in naɗi minti biyar, a cikinsu kuma sai na cusa wata shida na rayuwata. Alƙaliya tana buga guduma, ni ina cewa ta ce ƙafafunta suna kumbura saboda tsayuwa. Wata rana ta fito tana zaune a benci tana jiran likita, fuskarta ta yi daidai da maganar da nake ɓoyewa. Na danna rikoda na ce, "Ta ce mijinta..." sai na tsaya. Na ƙarasa da cewa yana aiki a wani gari, yana zuwa jefi-jefi. Ko da bakin wata na kasa.

Amsar Yaya gajeriya ce. Ta ce a gaya wa matar Allah yana tare da mai haƙuri, kuma ta daɗe ba ta ji ta yi dariya ba.

Sai da na shekara goma kafin takarduna su daidaita in je gida. Na tafi da 'yata, wadda ake yi wa Hausa tana mayarwa da Turanci. Na tarar da Yaya ta rame, ciwon sukari ya ci rabinta, keken ɗinkin an lulluɓe shi da zane. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce na yi fari kamar ba na cin abinci. Wannan ita ce marabar, kuma na ji daɗinta har raina.

A ɗakinta akwai kabad guda cike da kaset ɗina. Kowane na bidiyo an ɗaure shi da nasa na rediyo da ƙyallen atamfa. Talabijin ɗin kuwa sabo ne, ba wanda na sani ba. 'Yar Yaya, wadda na bari tana firamare, yanzu malamar makaranta ce. Muna tsinken zogale a kicin ta rage murya ta ce mini:

"Anti, kin san wannan talabijin ɗin yana kama sautin? Shekara shida ke nan. Ranar da aka kawo shi na kunna, na ji Turancin, na ce Umma, ai ba abin da matar nan take faɗa ke nan ba, zancen haraji take yi. Ta ce in rage sautin, ba ta tambaye ni ba. Har yau a rage yake."

Na ci gaba da tsinke ganyen ban ɗago ba. Na daɗe da sanin ta gane, amma jin sa daga bakin wani daban ne. Na ƙudura a raina cewa kafin in tafi zan zauna gabanta in faɗa mata komai da bakina.

Mako uku na yi. Kullum da safe in shiga in durƙusa in gaishe ta, ta tambayi kwanan baƙunta, ta tambayi yarinya. Ranar farko ta ce, "Yaya maigidan?" Na ce yana lafiya, yana gaishe ku. Ta dube ni ɗan lokaci, ta ce tana amsawa, ba ta sake tambaya ba har na tafi. Wata la'asar tana yi wa 'yata kitso a tsakar gida, yarinyar ta yi barci a cinyarta, babu kowa sai mu. Na matso da kujerata. Na ce, "Yaya." Ta ce, "Na'am," hannunta bai tsaya ba. Na ji maganar ta taho har bakin haƙorana. Sai na tambaye ta ko bana an sami ruwa sosai. Ta ce an samu, alhamdu lillahi, har ya yi ɓarna a wasu wurare.

Na yi ta jin haushin kaina, na kuma ji nata. Ita ce babba, me zai hana ta tambaya kai tsaye? Amma ita ta koya mini wannan kunyar, ita ma wata ta koya mata, kuma shekara goma muna magana ta bakin baƙuwa ba mu taɓa gwada namu ba. Na zauna kusa da ita mako uku ina kewarta fiye da yadda nake yi a London.

Ranar tafiya motar da za ta kai mu Kano ta zo da hantsi. An hana Yaya fitowa saboda ƙafarta, ta ce sai ta fito. Ta dafa 'yarta har bakin titi. An gama loda kaya, an yi addu'a, na shiga na zauna, 'yata tana gefena tana ɗaga wa kowa hannu. Direba ya tayar da mota. Sai Yaya ta riƙe ƙofar ta sunkuyo, ba ni take kallo ba, bayan kujerar direba take kallo.

"Idan kin koma, in kin ga matar nan, ki ba ta saƙona. Ki ce mata ta dawo gida. Ɗakinta yana nan, na sa an gyara. Ba sai ta yi wa kowa bayani ba, ni ma ba zan tambaye ta ba."

Kowa yana tsaye yana ji, sun ɗauka barkwancinmu ne na kullum, har wata maƙwabciya ta yi dariya. Kalma ɗaya ta ishe ni a lokacin. Da na ce "to, Yaya, zan dawo," da ta wadatar.

Na ce, "Zan gaya mata."

Ta gyaɗa kai, ta rufe mini ƙofar da kanta.

Na koma Lewisham da niyyar idan yarinya ta gama zangon karatu zan tattara. Zango ya ƙare na ce bari a gama shekara. Wata bakwai da dawowata, ina shirin fita aiki, waya ta yi ƙara, na ji muryar 'yar Yaya daga nesa tana sallama, tun kafin ta ƙarasa na zauna a kan matakala. Allah ya yi wa Yaya rasuwa.

An ce ɗakin ya daɗe a gyare, da sabon labule da ta sa aka ɗinka, ba ta bari kowa ya kwana a ciki ba.